Murjaninka ya buɗe

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Mu a Gusau lafiya lau, sai zafi.

Murjanin nan mai rai da ka bar mini amana cikin akwatin gilashi ya tsinka mini zuciya. An ɗauke wuta kwana uku, ruwan ya ɗumama, duk furanninsa suka rufe. Inna, mai ce masa ciyawar banza, ita ta ƙulla ƙanƙara a leda ta saka ciki, ta wuni tana yi masa fifita. Jiya ya buɗe, har da 'ya'ya biyu sababbi.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Anti Hauwa. Inna ta ce ka nemi wani, wannan ya zama nata.

Ƙanwarka,
Rabi