Toka a Takin Albasar Baba

Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Yaya zafin Fatakwal? Mu nan Gumbin Kure lafiya lau.

Buhu biyu na takin zamani, kamfa, da ka aiko don albasar Baba sun iso. Ranar Asabar na tarar da Baba zai cakuɗa su da jiƙaƙƙiyar toka, wai don su yi auki. Na ce masa a makaranta a Aliero mun koyi cewa idan toka mai laima ta haɗu da irin wannan taki, iskar amoniya ke fita, kuma ita ce ƙarfinsa.

Ya ce, "Ke Hadiza, tun ba a haihe ki ba nika zuba toka gona."

Na ce, "Baba, ita kaɗai kake zubawa."

Na haɗa kaɗan a gwangwani, na rufe, na ce zai ji zarni. Da ya buɗe ya shinshina, sai hawaye.

Yanzu tokar tana gefe. Ya ce in shaida maka takinka na da kyau. Zancen hawayen bai aiko ni da shi ba.

Ku sa albasar a addu'a. Inna tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Hadiza