Na'urar da Ta Kasa Bambanta Baba da Baffa

Landan,
9 ga Maris, 2002

Zuwa ga Yaya Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Safina ta koma makaranta kuwa? Ni lafiya lau nake, in ban da tarin da sanyin nan ya sa mini. Kada ka gaya wa Inna.

Kwas ɗin 'yan sandan da aka turo mu na koyon wata kwamfuta ce, wadda ake ba ta hoton mutum ta nemo shi cikin hotunan masu laifi. Da za mu gwada ta, sai na saka hotunan Sallar da na taho da su daga Jahun. Yaya, cewa ta yi Baba da Baffa Abdurrahim mutum ɗaya ne. Haka ta yi wa maƙwabtanmu uku masu tsaga iri ɗaya. Malamin namu ya amsa cewa ba da fuskokinmu aka horar da ita ba.

Shugaban tawagarmu yana so in sa hannu a rahoton cewa shaidarta ta isa a kama mutum. Na ƙi. Ya ce in manta da ƙarin girma, wataƙila ma a maido ni Dutse kafin kwas ya ƙare. To, a maido ni. Yanzu shari'a ake yi a gida, kuma hannun da aka yanke bisa kuskure ba ya komawa jikin mai shi.

Ka roƙi Baba ya sa ni a addu'a, Allah ya tsayar da ni a kan wannan.

Ƙaninka,
Muntaka