Kujerar Wankin Ƙoda Ɗaya a Waiben

Cairns

Ƙanwata Seriana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kujerata ta wankin ƙoda tana yi miki daɗin zama.

Kujerata na ce, don sunana ne a kanta kafin babbar jijiyar ƙirjina ta toshe. Robar wankin ƙoda da na daɗe da ita a wuya ce ta ƙuntata ta. Hannuna ya kumbura kamar taɓarya, fuskata ko madubi ba na so ya gani. Da likita ta hana ni komawa tsibirinmu na Waiben, ko kawaici ba ki yi ba, kika haye jirgi kika gaje kujerar.

Yanzu ke ce a gida, kina wankinki kina shan iskar teku, ke za ki tsaya ranar bikin buɗe dutsen kabarin Mama. Ba zan ɓoye miki ba, abin yana cina.

Yayarki,
Dalassa

Waiben

Yaya Dalassa,

Na gaishe ki, ya jiki? Ni dai ban toshe miki jijiya ba.

Ke ce mai cewa abu na cin ki? A hannunki Mama ta cika, sunanki ta kira, ina zaune a gefen gadon kamar baƙuwa. Yau na samu abu ɗaya tak, shi ma kin sa masa ido.

Surukai sun naɗe dutsen da zannuwa, maza sun fita neman kunkurun teku na girkin biki. Zan aiko miki da hoto.

Taki,
Seriana

Cairns

Seriana,

Gaisuwa. Riƙe hotonki, an buɗe jijiyar. Ba a yanka ni ba. Ta cinya suka zura siririyar waya har ƙirji, suka hura ɗan balan-balan a inda ta tsuke, suka bar ragar ƙarfe ta tokare wurin. Ina farke, ina jin su suna hirar kamun kifi. Kumburin ya saɓe, zobena ya koma yatsa.

Likita ta ce zan iya tafiya, in akwai kujera. Na ce akwai, mai rowa ce a kai. Ara mini ita na mako guda, ki zo nan ki yi naki wankin. Ban taɓa roƙonki komai ba.

Yayarki,
Dalassa

Waiben

Yaya,

Ba sai na ara miki ba. Tun watan jiya hannuna ke kumbura, ina ɓoye shi cikin riga mai dogon hannu don kada su raba ni da gida kafin bikin. Jiya nas ta kama ni. Jibi za a kawo ni Cairns, ranar buɗe dutsen ina kwance ana zura mini wayar taki.

Tun muna yara kwancenki nake sawa, ashe har ciwo sai kin gama da shi zai zo kaina.

Ki je. In an yaye zanen ƙarshe, ki gaya wa Mama ni na zaɓi launin dutsen.

Ƙanwarki,
Seriana