Zumar Karakara da Ƙafar Baƙo

Gaya, 28 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga 'yata Zuliha,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya a can Rabat, Ya buɗe miki ƙirji a karatunki, Ya tsare ki a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Uwarki, 'yar'uwata Kadi, lafiya lau, gwiwar ce kawai ke damunta in ta daɗe a durƙushe. Mun yi ƙaramar Sallah cikin zafin da ban taɓa gani ba. Gadar kogin nan ta kan iyaka har yanzu a rufe take tun da sojoji suka karɓi mulki aka shiga takun-saƙa da maƙwabta, kamiyoyi, manyan motocin kaya, na tsaye a hayin Malanbil, mutane kuwa sai kwale-kwale. Na zaɓi in rubuto da hannu don abin da ke cina ba ya shiga cikin 'yan mintocin tarho, kuma kin san tsohon malamin makaranta bai iya tunani sai da biro a hannu.

Kin san farkon labarin ƙafata, amma ban gaya miki duka ba. Maganin ciwon sukarina ya yanke a farmasi, shi ya sa na haye Malanbil neman sa. A dawowa, wajen sauka, ƙusar kwale-kwale ta soke ni ƙarƙashin yatsa. Ban ɗauke shi komai ba. Mako biyu sai ga ƙafa ta kumbura, gyambon yana fitar da ruwa kore-kore, yana wari har Zuwera, matata mai haƙuri, takan faki idona ta toshe hanci. An yi mini allura iri biyu, ba wadda ta taɓa shi. Likita ya kira ni gefe ya ce in kwana goma sha biyar suka wuce ba sauyi, zai tura ni asibitin Dosso, kuma ƙasan gwiwa za a yanke. Abin da na ɓoye miki ke nan ranar da na kira ki ina tambayar aikinki na binciken zuma kamar mai neman hira.

Na ji kunyar kiran nan, domin ni ne na yi miki dariya bara, na ce an kai ki ƙasar Larabawa ki koyi abin da kakarki ta sani tun ba a haife ni ba. Ba ki rama ba. Kika ce kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da umarnin halittarta a rubuce a cikinta, wani sashe a buɗe yana aiki, wani a rufe. Kika ce a ɗakin gwaji an ga wasu zumomi, bayan ƙona ƙwayar da suke yi, suna sa ta rage aiki da sassan da take kiran 'yan'uwanta da su, da waɗanda take gina wannan yauƙin da ke kare ta daga magani. Sai ta zama ita kaɗai, ba rufi, ba mai jin kiranta. Na gane sarai, har na ji daɗi. Amma kin ƙara da abu uku, kuma kin maimaita: abin da aka gani a faranti ba lalle ya faru a ƙafar mutum ba, zuma ba duka ɗaya ba ce, kuma kada in kuskura in bar magani ko in shafa komai ba da sanin likita ba.

Da na kai wa likita maganar sa zuma, bai so ba da farko. Safi, ma'aikaciyar jinyar da ke wanke mini gyambon, ita ta lallashe shi, ta ce tunda wuƙa ce a gaba, me za a rasa. Ya yarda bisa sharaɗin a asibiti za a riƙa sawa, ya kuma canza mini magani na uku. Zumar da muka fara saye a kasuwa Safi ta ɗanɗana ta tofar, ta ce sukari ne aka dafa. Washegari Zuwera, wadda ko Tunuga da ke nan kusa ba ta zuwa ita kaɗai, ta hau mota zuwa Karakara wajen wani mai amya da ake kira Sumana, ta tsaya a kansa har ya tace saƙar a gabanta. Kowace safiya Safi ta kankare mataccen nama, ta wanke, ta zuba zuma, ta ɗaure. Zafin kuwa, Zuliha, na ciji rawanina har ya huje. Rana ta shida wari ya ragu. Ta goma sha ɗaya nama ja ya fara tasowa daga gefe. A ƙarshe yatsu biyu suka tafi, ƙafar ta tsaya. Yau da sanda nake zuwa masallaci.

Da nan labarin ya ƙare, da na zauna lafiya. Bakina ne ya ja. Murna ta ɗebe ni, duk wanda ya zo barka sai in ce masa zuma ce, 'yata ta Maroko ta gano zuma na rufe wa cuta baki. Ban faɗi kankarar Safi ba, ban faɗi magani na uku ba, abu ukun nan naki kuwa ko ɗaya ban ambata ba. Kin tuna Baƙo masunci, na bayan gidanmu, mai kawo wa uwarki ragon ruwa? Shi ma yana da gyambo a ƙauri, yana zuwa asibiti. Da ya ji daga bakina, ya ce in Metir, wato ni malamin makaranta, da kansa ya faɗa, ai magana ta ƙare. Ya daina zuwa wanki, ya sayi zumar kasuwa, yana shafawa a gida yana ɗaurewa da tsumma. Ban sani ba sai da aka wuce da shi Dosso a kwance. Ranar Talata aka yanke, saman gwiwa. 'Ya'yansa biyar, kuma a tsaye ake jefa birgin kamun kifi.

Tun ranar ban iya zama wuri ɗaya. In fita zaure, in dawo, in ɗauki littafi, in ajiye. Zuwera ta ce ƙaddara ce, liman ma haka ya ce, kuma na yi imani da ƙaddara. Amma shekara talatin ina hana yara faɗin rabin amsa, ga shi ni na faɗi rabi, wani ya biya da ƙafarsa. Magana zarar bunu ce, yanzu na san nauyin karin maganar nan. Abin da ya ƙara dagula ni, ni kaina ban san me ya warkar da ni ba, zumar ce, ko maganin, ko hannun Safi, ko dukansu. Jiya kuma Safi ta gaya mini mutum biyu cikin masu zuwa wanki sun ɗauke ƙafa.

Don haka ina roƙonki abu biyu. Ga kwalba nan ta zumar Sumana da wata ta kasuwa, na liƙa wa kowace suna, Ado direba zai kai su Yamai wajen ɗalibin da zai taho wajenku. In malamanki sun yarda, ki gwada su a kan irin ƙwayar da ta ci ƙafata, ki gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Na biyu ya fi gaggawa, kada ki jira gwajin. Ki rubuto mini shafi ɗaya da Hausa mai sauƙi, abin da aka sani da abin da ba a sani ba tukuna, ki turo ta wayar Safi. Zan sa a juya shi da harshen Dendi, in tsaya ƙofar masallaci ranar Juma'a in karanta da bakin nan da ya yi ɓarnar, in bi bakin kogi in karanta wa masunta.

Jibi ake dawo da Baƙo. Matarsa Jumma ta aiko cewa ba ya riƙe da ni, wai yana ma tambayar yadda tawa ƙafar take. Wannan saƙon ya fi zagi ciwo. Zan je in tarye shi a tasha, in tsaya a gabansa da ƙafafuna biyu, ban kuwa san abin da zan ce masa ba. Ki sa ni a addu'a.

Uwarki na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Zuwera na gaishe ki, da yayanki Hamani da matarsa, da Auta. Safi ta ce in miƙa gaisuwarta ko da ba ku san juna ba. Ki gaishe da abokan zamanki da malamanki. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya.

Ni ne kawunki mai jiran amsarki,
Alfari Siddo