Mutum Bakwai na Baba Saje

Laraba, ƙarfe tara da minti ashirin na dare, ɗakina a Samaru.

Yau na kusa ɓata aikin binciken nan da bakina. Ina ɗaukar muryar Baba Saje a ƙofar gidansa a Jushi, yana ba ni labarin ranar da suka haye kogi a yaƙin basasa, sai ya faɗi shekarar da ta saɓa wa takardar sallamarsa. Na ce, "Baba, ba haka aka rubuta ba." Ya dube ni ya ce, "To, ki tambayi takardar." Ya kau da kai, ya bar labarin a nan.

Wata biyu na yi ina zarya kafin ya yarda, kuma a rukuninsu shi kaɗai ya rage da rai.

Matarsa Mama Ladi ta leƙo ta ce, "'Yar nan, shi ba ya riƙe shekara. Tambaye shi su wa ke tare da shi."

Na tambaya. Ya dafa sandarsa ya miƙe, wai ba ya kiran sunayensu a zaune. Ya kira mutum bakwai, kowa da garinsu. Minti arba'in da ɗaya ya yi yana magana, kuma ya ce in dawo Asabar bayan la'asar.

Abin da ban sani ba tukuna: shekarar, da sunan kogin. Sai Ɗanladi, mutumin Bomo, na ƙarshe da ya kira. Ban sani ba ko danginsa sun san inda aka binne shi. Baba ya sani.