A Mayar Mana da Goran Irin Albasarmu

Zuwa ga Shugaba da dattawan Asusun Tallafa wa Binciken Ilimi da ke birni.

Bayan gaisuwa da ladabi, Allah ya ja zamaninku. Ni manomin albasa ne a Mandera, ƙasar Shagari. Na kai kukana wurin dagaci, na kai ofishin En'e, na taka har Bodinga wajen malamin gona, kowa ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa na fito da shi bainar jama'a.

Na farko. Da bazarar da ta wuce, Baturen da kuke ɗaukar nauyin bincikensa ya sauka garinmu, tare da tafinta da dogarin hakimi. Aka ce yana tara irin shuka ne don a gwada a ga wanda ya fi jure ciwo. Aka nuno masa gidanmu, domin albasarmu ja ce, tana ratsa damina a ajiye ba ta ruɓe ba. Tun kakana ake zaɓen uwayenta ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu, nan ne zuciyata ke ƙuna. A wurinmu ba a auna wa baƙo iri, rowa ce. Goran irin ake miƙa masa gaba ɗaya, shi kuma ya ɗibi abin da yatsu uku suka kama, ya mayar da saura. Na miƙa da hannu biyu. Ya yi murmushi, ya yi godiya, ya sa goran a jaka ya hau mota. Dogari na tsaye, wane talaka ne zai ce wa Bature dawo? Tafintan nan ɗan ƙasa ne, ya san al'ada sarai, amma ya kau da kai. Ban ce baƙonku ɓarawo ne ba, ya zaci kyauta ce. Sai dai rashin sani ya fi dare duhu, kuma ni duhun ya rufe. Albasar da na girbe na riga na kai ta kasuwar Shagari, ban rage uwa ko ɗaya ba, tunda na san iri yana cikin gora.

Na uku. An ce Baturen ya tafi hutu ƙasarsu, irin kuma yana ɗakin ajiyarku cikin kwalba. Ranku ya daɗe, irin albasa ba gero ba ne, in ya shekara sai a shuka shi ya ƙi tsira. Ga damina tana ja da baya, maƙwabta sun fara gyara fangalin da ake renon iri a ciki. Sun yi mini tayin nasu, Allah ya saka musu, amma nasu daban, namu daban.

Roƙona shi ne ku riƙe abin da bincike ke bukata, ku aiko da saura ta hannun hakimi kafin ruwa ya ɗauke. Masu binciken da za ku turo nan gaba kuma, a haɗa su da wanda zai gaya musu yadda ake karɓar abu a ƙauye.

In kuwa irin ya zube ko ya mutu, ku faɗa mini gaskiya. Mahaifiyata ce ta sheƙe shi da hannunta, yanzu idonta ya tafi, kullum tana tambayata ko na shuka. Na gaji da ce mata gobe.

Allah ya sa albarka a iliminku, ya kare ku daga haƙƙin talaka.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Manomin albasa, Mandera.