Shirun Ranar Alhamis

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, ya tsare ku daga ciwo da ɓacin rana, ya sa albarka a abin da kuke nema. Mu ma muna nan yadda Allah ya ajiye mu. Ƙafar Inna ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, sai dai har yau ta ƙi riƙe sanda, wai ita ba tsohuwa ba ce. Gwaggo ta dawo gidan da zama, ta zo da akwatunanta da faɗanta, ba ta bar ko ɗaya a baya ba. Ni kuma ina nan a kantin magani, ina tsaye daga safe har ƙafata ta kumbura. Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, kai da ka sha cewa ko likita ba zai iya karanta shi ba. Na gwada faɗa maka ta waya ban san adadi ba, amma da na ji muryarka sai in ɓige da tambayar makarantar yara. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ɗauki hoton shafukan in turo maka yau ɗin nan. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, don maganar Baba ce.

Ka fi ni sanin aikin nan naku, amma gefenka kaɗai ka sani, bari in faɗa maka yadda yake daga nan. Ina ƙarama Baba ya wanke burushinsa ya kife gwangwanayen fenti, ya ce ya gama zane da hannu, daga yanzu zai riƙa faɗar abin da za a yi, wanda ya ji ya aikata, hoton ya tashi a jikin mai yi. Inna har gobe cewa take ita mai zane ta aura, ta wayi gari ta ganta da mai ba da umarni. Da ka tafi karatu ƙasar waje sai ya samu abin da yake so, hannu a nesa. Duk Alhamis da la'asar ya shiga ɗakin aikinsa, ya tura ƙofa, ya kira ka a tsohuwar wayar teburin nan, ya faɗi abu ɗaya ya ajiye. Dokarsa kuma ka riƙe ta kamar ranka: kai ba ka cewa uffan, ko sallama, ba ka aiko hoto, ba ka ba da labarin yadda ta kaya. Sauran ranaku ma ba kwa waya da juna, wai idan kuna hira muryar Alhamis za ta yi arha, don haka ni da Inna muka zama 'yan aike tsakanin uba da ɗansa. Ina laɓewa a bakin ƙofa in ji. Na ji ranar da ya ce ka zuba ruwa a bakin titi daidai faɗin ɗakin da aka haife ka, ka tsaya har ya bushe. Na ji ranar da ya ce ka ari kujera wurin maƙwabcin da ba ku gaisawa, ka zauna a kai, ka mayar. Na yi dariya har da riƙe ciki ina hango ka da ƙaton kanka kana ƙwanƙwasa ƙofar mutane. A lokacin abin yana burge ni, ba zan ɓoye ba. Da gidan baje kolin zane-zanen nan na wajenku ya fara karɓar muryoyin da kake naɗa, baƙi suna sa abin ji a kunne suna sauraron Baba, har taƙama nake yi a wurin aiki.

Yaya, ciwon Baba ba hawan jini ba ne kawai kamar yadda ake faɗa maka. Tun bara harshensa ya fara nauyi. Da farko kamar mai magana da ruwa a baki, sai ya zama kalma ɗaya tana fita biyu suna maƙalewa. Likita ya ce ciwo ne na jijiyoyi, yana cin ƙarfin jiki sannu a hankali, ba ya komawa baya, amma hankali da ji suna nan garau. Tun yana iya haɗa magana ya tara mu, ni da Inna, ya ce kada wanda ya kuskura ya faɗa maka. Ya ce ranar da ka sani, da tausayi za ka riƙa sauraronsa, kuma shi bai yi shekarun nan yana gina abu don a ji tausayinsa ba. Ka san idan ya ɗaure fuska ba mai ja da shi. Ka tuna lokacin da ka ce min umarce-umarcensa sun gajarce, sun yi kaifi, ya kai wani mataki? Mako guda yake yi yana maimaita jimla ɗaya a gaban madubin banɗaki, yana zubar da kalmomin da suka fi ƙarfin bakinsa, har ya rage abin da zai iya fitarwa ba tare da ka gane ba. Na ƙarshe da na ji da kunnena shi ne ka wanke hannunka a hankali. Da ya fito daga ɗakin rigarsa sharkaf take da gumi.

Bayan nan na daina laɓewa, don zuciyata ba ta iya ɗauka. Yana shiga yana tura ƙofa kamar kullum, ni kuma na ɗauka yana samun abin da yake lallaɓawa ya faɗa. Sai da hannunsa na dama ya daina riƙe abu, dole ta sa ya yarda in shiga in danna lambar in riƙe masa kan wayar a kunne. Ranar na ji abin da kuke yi. Ka ɗaga, ka yi shiru kamar yadda aka koya maka. Ina jin numfashinka, ina jin ƙarar firjinku, har kukan yaro daga wani ɗaki. Shi kuma Baba bakinsa yana motsi, jijiyar wuyansa ta miƙe, yawu yana zuba a haɓarsa, ba abin da ke fita sai iska. Na zuba wa leɓɓansa ido na gane abin da yake nema ya faɗa. Ba umarni ba ne, Manaja yake son cewa, sunan da yake tsokanarka da shi tun kana yaro kana raba mana aiki a tsakar gida. Ya haɗe leɓe ya buɗe, ya sake haɗewa, hawaye na bin gefen hancinsa. Na ja numfashi zan yi maka magana, sai ya damƙe tsintsiyar hannuna da hannun hagunsa, ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Muka zauna mu uku ba mai cewa ƙala, har ya yi min alama da ido in ajiye.

Kwana kaɗan da haka ka kira ni baki har kunne, ana jin murnar a muryarka. Ka ce watanni ke nan Baba yana kira ba ya cewa komai, ka ce ka daɗe kana tunani kafin ka gane cewa shirun shi ne umarnin, kuma a ganinka bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba. Ka ce mai kula da gidan baje kolin, wannan mai ƙaton gilashin da kake kwaikwayon tafiyarsa, ya ware ɗaki guda don kiraye-kirayen shirun kawai, mutane suna shiga suna fitowa da jan ido. Na ce maka Allah ya ƙara basira. Da na ajiye na shiga bayan kanti inda muke jibge kwalaye, na yi kuka har mai kantin ya leƙo ya ce in tafi gida. Na ji haushinka ranar, Yaya, haushi mai tsanani. Mutum da iliminsa, uban 'ya'ya, a ce tsohonsa yana haki a kunnensa bai ji cewa haki ba ne? Daga baya na ga ba ni da bakin zarginka. Shi ya koya maka cewa duk abin da ya fito ta wayar nan aiki ne, kuma kai ɗa ne mai biyayya, biyayyar ce ta toshe maka kunne.

Na koma wurin Baba na durƙusa, na roƙe shi ya bari in faɗa maka. Yanzu da ido muke magana, idan ya yarda ya kalle ni, idan bai yarda ba ya rufe. Ya rufe, ya daɗe bai buɗe ba. Na kai ƙara wurin Inna, ta ce in bar su, ita ta gaji da shiga tsakanin mutum biyu da kowannensu ya fi ɗan'uwansa taurin kai, kuma alkawari ta ɗaukar wa mijinta. Na ce mata alkawarin da zai sa mutum ya mutu da sunan ɗansa a maƙogwaro ba alkawari ba ne, ta ce in iya bakina. Ba mu taɓa yin irin wannan sa-in-sa da ita ba, har yau gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Gwaggo kuwa cewa ta yi tun ranar da ƙaninta ya ajiye burushi ta san ba lafiya ba, ga shi nan ya ja kowa ya zama kurma. Na so in yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa.

Makon jiya ya shaƙe da ruwan shayi, numfashi ya gagara, muka kwashe shi sai asibiti. Yana can yanzu, an sa masa roba a hanci, da wata da ake ba shi abinci ta cikinta. Ranar Alhamis ina zaune gefen gadonsa, da la'asar ta gabato sai ya fara kallon agogon bango, ya kalle ni, ya kalli ƙofa. Na yi kamar ban gane ba, na gyara masa filo. Ya ci gaba da yi har idonsa ya kawo ruwa. Na tashi na hau mota na tafi gida, na buɗe ɗakin aikinsa, na zauna a kujerarsa mai karyayyen hannu, na danna lambarka. Ka ɗaga. Wallahi na shiga ɗakin da niyyar in fasa komai, in ce Yaya ni ce, Baba yana asibiti. Na buɗe baki, sai na tuna na'urarka tana naɗa, baƙin da ban sani ba za su sa kukana a kunne. Na tuna yana can yana jiran in dawo in ce an yi. Kuma gaskiyar ita ce ni ma a gidan nan na tashi, ban san yadda ake magana a wayar nan ba. Na yi shiru, ka yi shiru, na ajiye. Shirun da ka naɗa ranar, nawa ne ba na Baba ba, kuma ba ka ji bambanci ba. Wannan ya fi komai karya min zuciya, don na ga aikin zai iya ci gaba babu shi, ba wanda zai lura. Da na koma ya tambaye ni da ido, na gyaɗa kai, sai ya juya fuskarsa bango. Ban sani ba ko daɗi ya ji ko baƙin ciki, kuma ba yadda zan yi in tambaya.

Likita ya kira ni gefe ya ce mu riƙa yi masa magana, yana jin komai, kuma duk wanda ke son ya gan shi kada ya ja lokaci. Na san halin takardun zamanka a can, na san fitowa ba ta yiwuwa cikin kwana biyu, ban ce ka yi abin da ya fi ƙarfinka ba. Abu ɗaya nake roƙo. Alhamis mai zuwa zan kira ka da wayata daga gefen gadonsa, in kanga masa a kunne. Ka kashe na'urar nan, ka yi magana. Ka yi masa sallama, ka ce masa Manaja ne, ka ba shi labarin kujerar maƙwabci da ruwan da ka zuba a titi, duk abin da ya hana ka faɗa tsawon shekarun nan. Na san da ka buɗe baki aikin rayuwarsa ya ƙare, zai kuma san ni na karya masa doka. Mai yiwuwa ya rufe ido ya ƙi sake kallona har ya tafi, na auna wannan na ɗauka. Abin da ke hana ni sukuni shi ne na san ka. Ina tsoron ka karanta wannan duka, ka yi kukanka, ranar ta zo ka ɗaga wayar ka bi umarninsa ka bar nawa, don shi ka saba bi. Ba ni da wata dabara bayan wannan, na rasa inda zan sa kaina.

Ka gaishe min da Anti da kyau, ka ce ta yi haƙuri da nauyin da na ɗora wa gidanta. Ka shafa min kan yara, musamman takwaran Baba, wanda bai taɓa jin muryar kakansa ba sai a ɗakin baje koli. Gwaggo tana gaishe ku, Kawu da iyalinsa ma haka. Inna ba ta san na rubuta ba, amma na san da ta sani da ta ce a gaishe ka. Ka sa Baba a addu'a, Allah ya sassauta masa, ya sa mu cika da kyau.

Ka ajiye wayar kusa da kai ranar Alhamis. Idan la'asar ɗinmu ta wuce wayar ba ta yi ƙara ba, don Allah kada ka zauna kana neman ma'anarsa, kada ka kai wa mai gilashi labari. Wannan ba ya cikin aikin. Ka kira ni kawai.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta